Tashen Sebastian Tynkkynen da tarihinsa a kotu

Wani labari da na karanta ya nuna ɗan siyasar ƙasar Finland Sebastian Tynkkynen a matsayin matashin da ƙwazo da iya amfani da kafofin sada zumunta suka ɗaga shi daga shugabancin reshen matasan jam'iyyar Finns zuwa majalisar dokokin Finland a 2019, sannan majalisar Tarayyar Turai a 2024, amma labarin ya tsallake abin da ya fi muhimmanci. Kotunan ƙasarsa sun same shi da laifin tunzura ƙiyayya har sau uku, a 2017 da 2019 da 2021, saboda rubuce-rubucensa kan Musulmi, kuma duk da haka masu zaɓe a yankin Oulu, mazaɓarsa, ba su juya masa baya ba. Ga wani mai sharhi kan labarin, wanda ya ce wannan 'yancin faɗin albarkacin baki ne, ina tunatar da shi cewa dokar Finland ɗin ce ta hukunta shi. Ya kamata kuma a ambaci cewa a zaɓen majalisar Tarayyar Turai na 2024 jam'iyyarsa ta rasa ɗaya daga cikin kujerunta biyu, shi kaɗai aka zaɓa. Me ya sa marubucin labarin ya ɓoye wa masu karatu wannan tarihin kotu?