Kuna gardama kan niyyarsa, mu kuwa a waje muka kwana

Wallahi na gaji da wannan gardama. Duk ranar da wani babba ya buɗe baki ya ci mutuncin baƙar fata, kafin gari ya waye an samu masu wanke shi. Wannan ya ce ba haka yake nufi ba, wancan ya ce an juya masa magana, wani ya ce ai doka yake karewa. Sai a koma tonon abin da ke cikin zuciyar mutum, wanda Allah kaɗai ya san shi, a bar abin da ke fili, wato mutanen da aka watso wa kaya a titi saboda maganar. Har yau in zancen Tunisiya ya taso a majalisa ko a zauren WhatsApp, sai in ji ɗan'uwana Bahaushe ya gyara zama yana cewa shugaban ƙasar, Kais Saied, bai yi wariyar launin fata ba, ƙasarsa yake tsarewa. Ni ina karatu a Tunis lokacin da abin ya faru, kuma raina yana ɓaci duk sa'ad da na ji wannan magana daga bakin wanda bai taɓa ganin yadda ta kasance ba.

Mu fara da abin da mutumin ya faɗa, don yawancin masu kare shi ba su ma san shi ba. Ranar 21 ga Fabrairu 2023, a taron majalisar tsaron ƙasa, shugaban ya ce akwai wata maƙarƙashiya da aka ƙulla tun farkon wannan ƙarni don a canja tsarin al'ummar Tunisiya. Ya ce ana kwararo musu gungun baƙin haure daga ƙasashen kudu da Sahara, masu zuwa da tashin hankali da aikata laifi, kuma manufar ita ce a mayar da Tunisiya ƙasar Afirka zalla, wadda ba ta da alaƙa da Larabawa da Musulunci. Fadar shugaban ƙasa ce da kanta ta wallafa wannan, ba ɗan jarida ne ya laƙa masa ba.

To ku tsaya ku duba wannan jimla ta ƙarshe. Su wane ne za su raba Tunisiya da Musulunci? Mutanen Mali? Mutanen Gini? 'Yan Nijar da 'yan Senegal? Ƙasashen nan mafi yawan mutanensu Musulmi ne, kuma Musulunci ya yi ɗaruruwan shekaru a cikinsu. Da yawanmu sahu ɗaya muke tsayawa da 'yan ƙasar ranar Juma'a, mazhabarmu ma ɗaya, ta Imamu Malik. In an ce zuwan Bamale mai salla zai rage wa ƙasa Musuluncinta, to me ya rage da ake gudu a jikinsa in ba launin fatarsa ba? Na sha yi wa masu gardama wannan tambaya, ban taɓa samun wanda ya amsa ta kai tsaye ba. Sai dai a kauce, a ce ai baƙin sun yi yawa. Yawan nawa? Ƙiyasin da ƙungiyoyin kare haƙƙi na ƙasar suka riƙa ambata a lokacin shi ne kimanin mutum 21,000, a ƙasa mai mutum miliyan 12. Wannan ne zai canja al'umma?

Ba a kwana biyu ba muka ga amfanin maganar. Mai gidan da nake haya dattijo ne, muna mutunci ƙwarai, har abincin buɗa baki yakan aiko mini da azumi. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan sallar isha'i, ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Ya ce, “Ɗana, ka yi haƙuri, ka nemi wani wuri kafin jibi. An ce duk wanda ya ajiye baƙo zai shiga hannun hukuma.” Na ce, “Baba, ni ɗalibi ne, ga takardata.” Na ɗauko takardar wucin gadi da aka ba ni, mai hatimi da hotona, na miƙa masa. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce matasan unguwa ba takarda za su duba ba, kuma shi yana da iyali. Kuɗin haya na biya har ƙarshen wata, kuɗin ajiya ma yana hannunsa, amma a daren ba wanda ya yi zancensu. Na cusa littattafaina da tufafi cikin buhu, na bar katifa da risho da tukwane, na koma ɗakin wani ɗan'uwa inda muka cunkushe kamar kifin gwangwani, ba mai iya leƙawa waje. Ƙungiyar ɗaliban Afirka ta ce kowa ya zauna a gida. Burodi ma sai wani abokin karatunmu ɗan ƙasar ya sayo ya kawo mana da dare, Allah ya saka masa da alheri. Mu da muke da inda za mu raɓa ke nan. Wasu da mata da jarirai suka kwana a ƙofar ofisoshin jakadancinsu da ƙofar hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin sanyin hunturu, ƙarƙashin leda da kwali.

Kuma wannan takarda da ake ta cewa ba mu da ita, wa ya hana mu? Nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Ɗalibi zai kai duk abin da aka nema, shaidar makaranta, yarjejeniyar haya, hotuna, kuɗin kan sarki, a ba shi 'yar takardar wucin gadi a ce ya dawo. Ya dawo a ce ba ta fito ba. Ya sake dawowa a ce mai sa hannu ba ya nan. Akwai waɗanda shekarar karatu ta ƙare katin zamansu bai fito ba, in ma ya fito saura kaɗan wa'adinsa ya cika. Wanda kuma ya zarce wa'adi ana lissafa masa tarar dinari 20 kowane mako, tana taruwa har ta fi ƙarfin mai aikin gini ko 'yar aikin gida, sai mutum ya maƙale, ba damar zama ba damar tafiya. Su suka riƙe katin, su kuma suka juyo suna kiran mutum baƙon haure.

Mai cewa doka ake karewa, ya bayyana mini abu ɗaya. A kwanakin nan baƙaƙen fata 'yan asalin Tunisiya, waɗanda kakanninsu a can aka binne su, sai da suka riƙa ɗaukar hoto riƙe da fasfo da katin ɗan ƙasa suna sakawa a Facebook, suna cewa takardunsu na tare da su don gudun ko-ta-kwana. Me ya sa? Saboda ana tare su a hanya, ana zaginsu, ana ce musu su koma ƙasarsu. Wanda ya tare su bai ga takarda a goshinsu ba, fata ya gani. Jama'ar titi sun fahimci jawabin shugabansu sarai, ba su nemi mai fassara ba. Masu gardama daga nesa ne kawai suka kasa fahimta.

Da surutu ya yi yawa, sai shugaban ya fito yana kare kansa. Lokacin da ya karɓi shugaban Gini-Bisau na wancan lokacin, Umaro Sissoco Embalo, a watan Maris, ya ce shi ba zai zama mai wariya ba tun da akwai 'yan'uwansa da suka yi aure da 'yan Afirka, yana kuma da abokai a cikinsu. Ni ban damu da wanda danginsa suka aura ba. Surukinsa bai dawo mini da ɗakina ba, bai kuma mayar wa kowa aikinsa ba. Shugaban ƙasa ba mai hira a teburin mai shayi ba ne. In ya yi magana ɗan sanda yana ji, mai gidan haya yana ji, ɗan iskan unguwa ma yana ji, kowannensu kuma ya ɗauka an ba shi izini. Wanda ke riƙe da irin wannan kujera, da abin da maganarsa ta haifar za a auna shi. Bai janye ba, bai nemi gafara ba.

Tarayyar Afirka ba ta yi ta kame-kame ba. Moussa Faki Mahamat, shugaban hukumarta a lokacin, ya yi tir da kalaman, ya gargaɗi ƙasashe kan kalaman ƙiyayya na launin fata. Bankin Duniya ya dakatar da tattaunawar shirin haɗin gwiwarsa da ƙasar. Gini da Mali da Kwaddibuwa suka aiko jirage suka kwashe mutanensu. Ɗaruruwan 'yan Tunisiya masu mutunci suka fito zanga-zanga a Tunis ranar 25 ga Fabrairu suna cewa ba da yawunsu ba, kuma ba zan taɓa mantawa da su ba. Wanda ya fito ya yaba wa jawabin shi ne Eric Zemmour na Faransa, mutumin da ya gina siyasarsa kan cewa Larabawa da Musulmi na neman mamaye Faransa. Irin maganar da ake jifan 'yan Tunisiya da ita a Turai, ita shugabansu ya ɗauko ya jefe mu da ita.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne namu. A Janairu 2018, da aka ruwaito Donald Trump ya kira Haiti da ƙasashen Afirka da wata ƙazamar kalma, ba Bahaushen da ya tsaya tambayar niyyarsa. Kowa ya ce wariya ce, kuma gaskiya ne. Amma da Balarabe Musulmi ya faɗi abin da ya sa aka fasa wa mutane ƙofa, sai muka koma neman uzuri. Wasu don ganin girman Larabawa da aka raine mu da shi, wasu don suna jin daɗin yadda yake caccakar Turawa. Wulaƙanci ba ya canja suna don ya fito daga bakin wanda kuke fuskantar alƙibla ɗaya. In ma akwai bambanci, nasa ya fi zafi, domin ya san huɗubar ban-kwana da ta ce Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba, fari bai fi baƙi ba, sai da taƙawa.

Wasu kuma sai su ce ai Nijeriya ma ta kori baƙi a 1983 zamanin Shagari, har Ganawa kusan miliyan ɗaya suka fita. Haka ne, an yi, kuma zalunci ne da har yau ake jin kunyarsa. Amma laifin da aka yi a Legas ba ya halatta wanda aka yi a birnin Sfax na Tunisiya. Wanda ya san zafin wancan ya kamata ya fi kowa ƙin wannan.

Tunisiya ba ta rasa sanin abin da ake kira wariya ba, balle a ce sai an zauna an yi muhawara. Ita ce ta haramta bauta tun 1846. Ita ce kuma a Oktoba 2018 ta kafa doka mai lamba 50, wadda ta tanadi ɗauri da tara ga mai kalaman wariya, da hukunci mafi tsanani ga mai tunzura jama'a. Mu ma ba jiya muka fara taka ƙasar ba. Kiɗan stambeli da suke alfahari da shi a yau, zuriyar mutanen da aka tsallako da su Sahara ne suka riƙe shi, akwai Hausawa da Barebari a cikinsu, akwai ɓurɓushin bori da kalmomin Hausa a waƙoƙinsa, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin gidajensa a Tunis sunansa Dar Barnu. An kawo kakanninmu a ɗaure ba a ce sun canja al'umma ba, sai da jikokinsu suka zo da ƙafarsu neman ilimi da abinci.

Ga inda maganar ta kai. A farkon Yuli 2023, bayan an kashe wani ɗan Tunisiya a wata hatsaniya a Sfax, aka bi baƙaƙen fata gida-gida, aka loda ɗaruruwa a mota aka zube su a hamadar iyakar Libiya da ta Aljeriya, tsakiyar zafi, ba ruwa ba inuwa. Hukumomin Libiya sun ce sun tsinci gawa aƙalla 27. Duniya ta ga hoton wata uwa kwance a rairayi, 'yarta mai shekara 6 a gefenta, duka sun rasu. A cikin wannan watan, ranar 16 ga Yuli, shugabar hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen, da firaministar Italiya Giorgia Meloni, da firaministan Holan na lokacin Mark Rutte suka sauka Tunis, aka sa hannu kan yarjejeniya, da alƙawarin yuro miliyan 105 don tare baƙin haure. Mutane na mutuwa da ƙishi a iyaka, ana musafaha a fada.

Saadia Mosbah, baƙar fata 'yar Tunisiya, shugabar ƙungiyar Mnemty mai yaƙi da wariyar launin fata, tana cikin waɗanda suka yi ta faɗi-tashi har aka samu dokar 2018, tana kuma cikin waɗanda suka tsaya mana lokacin da kowa ke rufe ƙofa. A watan Mayu 2024 aka kama ta bisa zargin halatta kuɗin haram, ta shafe sama da shekara a tsare kafin a fara shari'arta. Mai cewa babu wariya a jawabin 21 ga Fabrairu, ya fara gaya mini laifin da wannan baiwar Allah ta yi, sannan ya gaya mini wa zai biya mutanen da aka kora hayarsu da albashinsu da kayansu da suka bari.