Injin faskare ba ya busar da itace

Akwai wani irin bidiyo da ke yawo a YouTube wanda ke sace zuciyar duk mai sha'awar aikin itace. Gungume ya hau bel, zarto ya sauko ya datse shi, guntun ya faɗa kwaroro, ƙarfe ya tura shi kan wuƙa mai baki huɗu ko shida, sai ga faskararren itace yana zuba cikin mota kamar ruwa. Mutum ɗaya ne kawai a tsaye, hannunsa bisa sandar sarrafawa. Wanda ya taɓa wuni yana ɗaga gatari har tafinsa ya yi kanta, in ya ga wannan dole ya haɗiyi yawu. Amma ina jiye wa mai shirin cin bashi ya sayi irin wannan inji tsoro, domin abin da ke ciyar da mai sana'ar itace ba ya fitowa a bidiyon.

Ba ina kushe inji ba ne. Tun da Bajamushen nan Andreas Stihl ya ƙera zarton lantarki a 1926, sannan Joseph Cox ya fito da sarƙar zarto irin ta yau a 1947 a Amurka, bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke gwaguyar kututture, aikin da ke cin kwanaki ya koma na sa'o'i. Kamfanonin ƙasar Finlan irin su Palax da Japa da Hakki Pilke sun haɗa yanka da faskare da lodi a inji guda. Kasuwa ma akwai ta: hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan rabin itacen da ake sarewa a duniya wuta yake tafiya.

Matsalar ruwa ce. Ɗanyen itace, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya zama makamashin kirki sai laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kafin nan, wutar da aka hura da shi ruwan take fara dafawa, sai hayaƙi da kunkunniya su yi yawa, zafi kuwa kaɗan. Itace mai laushi kan bushe cikin wata shida zuwa shekara idan an faskare shi, an jera shi sama da ƙasa inda iska ke ratsawa, an rufe samansa kawai. Mai tauri irin na bishiyar oak yakan kai shekara biyu a ƙasashe masu sanyi. Inji zai faskare maka tulin itace kafin azahar, amma daga nan sai ka zuba wa rana da iska ido. Kuɗinka na kwance a fili, banki kuwa ƙarshen wata ya sani. Nan ne da yawa ke faɗawa tarko: bashi ya matsa, sai su sayar da ɗanye da sunan busasshe. Mai saye ya hura sau ɗaya idonsa ya yi ja, ba zai sake kiranka ba, kuma sai ya gaya wa maƙwabcinsa. A Ingila abin har ya zama doka: tun watan Mayun 2021 an hana sayar wa gidaje jiƙaƙƙen itace idan bai kai mita biyu na kubik ba. Na'urar gwada laima ƴar ƙarama ce, tana shiga aljihu. A fasa guntu, a soka ta a sabuwar fuskar, ba a ɓawo ba. A ganina ta fi babban injin tsare wa mai sana'a mutuncinsa.

Sai kuma tambayar da masu tallan inji ba sa so a yi: daga ina gungumen zai riƙa zuwa? Injin da ke yanka da faskare lokaci guda yana da zaɓe. Miƙaƙƙen gungume yake so, mai kauri daidai bakinsa. Shi kuwa mai hawa bishiya yana rage rassa, ko yana kayar da wadda ke barazana ga rufin gida, abin da yake kwasowa karkatattu ne, masu gwafa da ƙulli, wasu har da ƙusa ko waya da bishiyar ta haɗiye shekaru da suka wuce. Ƙusa ɗaya ta isa ta kashe kaifin sarƙa. Wannan mutum yana da wata falala da ya kamata ya gane: sau biyu ake biyansa, mai gida ya biya shi ladan sara, mai saye ya biya shi kuɗin itacen. Ƙaramin injin faskare mai turawa da matsin mai, wato haidrolik, ya ishe shi. In ya ɗauko babba, dole ya shiga sayen miƙaƙƙun gunguma, ya yi gogayya da masu yankan katako da masana'antun takarda, ribar ta zirare ta nan.

Abin da ya fi damuna shi ne inji mai yunwa yakan tura mai shi ga saran da bai dace ba. Bishiyoyi da dama suna toho daga kututture idan an yanke su da kyau aka bar su shekaru, kuma tsoffin masu daji sun daɗe suna zagayawa fili zuwa fili a kan wannan lissafi. Wanda bashi ke bi ba ya iya jira. Ko jigilar itace zuwa nesa ma da haɗarinta: ƙwaron da aka gano a jihar Mishigan a 2002, wanda ya kashe miliyoyin bishiyoyin ash a Amurka, itacen wuta na cikin abubuwan da suka yaɗa shi.

Jiki ma jari ne, kuma shi ba a samun kayan gyaransa. A Amurka saran itace na cikin sana'o'in da suka fi kashe masu yin su. Sarƙar zarto na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, kuma idan saman ƙarshen takobin, wato ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa, ya taɓa reshe, zarton kan yi tsalle ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido. Ƙararsa tana kaiwa desibel 110 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in an daɗe. Girgizarsa kan kashe jijiyoyin yatsu a hankali. Ina jin zafi idan na ga mutum ya zuba dukiya a inji, amma ba shi da hular kwano, ba abin toshe kunne, ba wandon kariya mai zaren da ke shaƙe sarƙa ta tsaya.

Wasu za su ce wanda ya tsaya ga gatari da ƙaramin inji ba zai taɓa girma ba, manya za su danne shi da farashi. Akwai gaskiya a ciki, kuma lokacin babban inji yana zuwa. Alamarsa ita ce busasshen itacenka ya ƙare shekara biyu a jere masu saye na ta kira, kana da yarjejeniya tabbatacciya da mai daji, kana da filin da zai ɗauki itacen bana da na baɗi. Kafin nan, a inda ake ba da hayar injin, a tara gunguma a ɗauko shi na kwana biyu ko uku, kuɗin da ya rage a kafa rumfar shanya da shi.