Italo Balbo da titin da ake wanke shi da shi

Cikin manyan 'yan Fasist na Italiya, Italo Balbo ne kusan kaɗai har yau ake ambata ba tare da an tsuke fuska ba. Masu kare shi suna cewa gwarzon matuƙin jirgi ne, ya faɗa wa shugabansu Mussolini gaskiya, kuma da aka ba shi gwamnan Libiya ya yi aiki: ga titi, ga otal-otal, ga gonaki. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ni ban yarda waɗannan sun isa su wanke shi ba, domin sai an tambayi wa aka yi wa aikin, kuma a kan ƙasar wa.

An haife shi a 1896 kusa da birnin Ferrara. Da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya sai ya zama jagoran 'yan baƙar riga na yankinsu, wato 'yan dabar Fasist, waɗanda masu manyan gonaki ke ɗaukar nauyinsu don su murƙushe ƙungiyoyin ma'aikatan gona da duka da ƙone-ƙone. Yana cikin mutum huɗu da suka jagoranci tattakin shiga Roma a Oktoban 1922, wanda ya ɗora Mussolini kan mulki. A 1923 'yan dabar Fasist suka kashe wani limamin coci, Giovanni Minzoni, a garin Argenta da ke yankin da Balbo ke da iko, kuma zargin ya bi shi har ya sauka daga muƙaminsa na rundunar jam'iyya. Wannan shi ne mafarin mutumin, tun kafin ya san jirgi.

Jirgin ne ya fito da shi duniya. Ya karɓi ragamar sojan sama a 1926, ya zama minista a 1929. A ƙarshen 1930 ya ja ayarin jirage masu sauka a kan ruwa zuwa Brazil, sannan a 1933 ya isa Chicago da jirage 24 a jere. Amurkawa suka yi masa tarbar sarki, Shugaba Roosevelt ya ci abinci da shi, aka sa wa wani titi na birnin sunansa, wanda har yanzu yake ɗauke da shi duk da ƙorafin da aka ta da a 2017. Da ya koma gida aka ba shi muƙamin Marshal na sojan sama. Farin jinin ya yi yawa ga Mussolini, wanda ba ya son a haɗa shi da kowa a idon jama'a, sai ya karɓe ma'aikatar ya tura shi Tarabulus. Balbo ya kama aiki a Janairun 1934.

To, wace Libiya ya tarar? A nan ya kamata a tsaya.

Shekara uku da rabi kafin zuwansa, gwamnan Libiya na lokacin, Badoglio, da Janar Graziani sun yanke shawarar raba mayaƙan ɗarikar Sanusiyya masu yaƙar mamayar Italiya da jama'ar da ke ciyar da su. Aka kwashe mutanen Jabal Akhdar, yankin tuddai na gabashin Libiya, da kewaye, kimanin dubu ɗari, maza da mata da yara da dabbobinsu, aka kora su a ƙasa zuwa sansanonin gwale-gwale a bakin hamada, irin su Suluƙ da Magrun da Agaila. Wanda ya gaza a hanya a harbe shi. Masana tarihi na ƙiyasta cewa aƙalla dubu arba'in sun mutu saboda yunwa da cuta da azaba, wasu ma sun ce adadin ya fi haka nesa. Tumaki da raƙuma, waɗanda su ne dukiyar mutanen, suka ƙare. Aka ja waya mai ƙaya ta kusan kilomita 270 a kan iyakar Masar don kada abinci ko makami ya shigo. Aka rufe zawiyoyin Sanusiyya aka ƙwace dukiyarsu, wato ɗarikar nan da kakanninmu suka sani ta hanyar fatake masu zirga-zirga tsakanin Tarabulus da Agadas da Kano. Ranar 16 ga Satumba 1931 aka rataye jagoran mayaƙan, Umar Mukhtar, a Suluƙ, a gaban dubban tsararrun da aka tilasta wa kallo. A duk waɗannan shekaru jiragen Italiya suna ruwan bama-bamai a kan zangon makiyaya, har da iskar guba a zangon Tazirbu a 1930, kuma ministan rundunar da ke da jiragen shi ne Balbo.

Saboda haka zaman lafiyar da ake yaba masa ba shi ya kawo ta ba. Ya iske an gama aikin jini, an rufe sansanonin, an bar masa ƙasa mai albarka da babu masu ita. Abin da ya yi da ita shi ne ainihin tarihinsa. A ƙarshen Oktoban 1938 ya kwaso manoma Italiyawa kimanin dubu ashirin a ayarin jiragen ruwa guda, cikin kaɗe-kaɗe da masu ɗaukar hoto. Kowane iyali ya tarar da gida a gine, da gona, da dabbobi, da iri, da kayan abinci. An gina musu ƙauyuka da coci da makaranta da ɗakin shan magani, da yawa a kan Jabal Akhdar ɗin nan da aka kwashe mutanensa. A 1939 aka ƙaro wasu dubbai. An yi wa Larabawa 'yan ƙauyuka su ma, amma kaɗan, kuma ba a kan ƙasa mafi kyau ba. Makiyayin da ya fito daga sansani da ransa ya dawo ya ga baƙo na noma a makiyayar ubansa, aikin da ya rage masa shi ne lebura.

Titin ma haka. An shimfiɗa shi daga iyakar Tunisiya zuwa ta Masar, kilomita fiye da 1,800, aka buɗe a Maris 1937, daga baya aka sa masa sunan Balbo. Babban aiki ne, kuma har gobe shi ne ƙashin bayan zirga-zirga a gaɓar tekun Libiya. Amma yawancin waɗanda suka fasa duwatsun 'yan ƙasa ne, a kan ladan da bai kai na Bature ba, kuma babbar manufarsa ita ce a iya kai soja daga wannan iyaka zuwa waccan cikin hanzari. Shekara uku kacal bayan buɗe shi, tankokin yaƙi ne ke kai da komo a kansa.

A ziyarar da Mussolini ya kawo Libiya don buɗe titin a 1937 aka shirya bikin da ya hau doki ya ɗaga abin da aka kira takobin Musulunci, aka ce shi ne mai kare Musulmi. A birnin Florence aka ƙera takobin. Shekara biyar da rabi ke nan da rataye Umar Mukhtar, kuma bai fi shekara ɗaya ba da aka kwashi samarin Libiya zuwa yaƙar Habashawa. Na san akwai masallatai da aka gyara a zamaninsa, an kuma saki fursunoni, a 1939 har an ƙirƙiro wa Musulmi wata takardar zama ɗan ƙasa ta musamman. Amma takardar ba ta daidaita su da Italiyawa ba, don ba ta aiki sai a cikin Libiya. Kuma da ƙasar ta samu 'yanci a 1951, kusan kashi 90 cikin 100 na jama'arta ba su iya karatun boko ba. Wanda ya iya kwaso mutum dubu ashirin cikin 'yan kwanaki, da ya ga dama da ya gina makarantu.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masoyansa ita ce ya ƙi dokokin wariyar Yahudawa na 1938, kuma ya yi gargaɗi kan ƙawance da Jamus. Wannan gaskiya ne, kuma ya yi wa Yahudawan Libiya amfani, tunda ya sassauta aiwatar da dokokin. Amma shi ɗin ne ya sa aka yi wa Yahudawan Tarabulus bulala a bainar jama'a a 1936 don sun ƙi buɗe kantunansu ranar Asabar. Kuma da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu bai ajiye aiki ba, kwamandan rundunar Arewacin Afirka ya zama. Ranar 28 ga Yuni 1940, jim kaɗan bayan wani harin Ingila, bindigogin Italiya da kansu suka kakkaɓo jirginsa a sararin Tobruk. Yana da shekara 44. Mutuwar wuri ta taimaki sunansa ƙwarai, domin bai kai lokacin da aka yi wa sauran hisabi ba. Sojan saman Ingila ma sun jefo furanni da wasiƙar ta'aziyya.

A 1970 Gaddafi ya kori ragowar Italiyawan, aka mai da gawar Balbo Italiya. A Agustan 2008 Firayim Ministan Italiya na lokacin, Berlusconi, ya zo Bengazi ya nemi afuwa, ya sa hannu kan yarjejeniyar biyan dala biliyan 5 cikin shekara 20. Babban abin da aka ware kuɗin dominsa shi ne sabuwar babbar hanya a gaɓar teku, kuma kamfanonin Italiya ne za su yi kwangilar. Babu jami'in Italiya ko ɗaya da aka taɓa gurfanarwa kan abin da aka yi a Suluƙ da Agaila. Ni a ganina abin da jikokin waɗannan mutane suka fi bin Italiya bashi shi ne ta buɗe duk takardun sansanonin, a tattara sunayen waɗanda suka mutu, a kuma sa labarin a littattafan makarantunta.