Ku ƙyale baiwar Allah, mu ina namu?

Tun jiya ake caccakar wata baiwar Allah saboda ta ɗora hotunan 'ya'yanta a intanet, suna wurin da aka ɗauki shirin fim ɗin Ertugrul a Turkiyya. Wannan ya ce almubazzaranci, wancan ya ce bautar fim, wani har da cewa ta ɓata tarbiyyar yara. Haba jama'a! Saro kaya ne ya kai ta Istanbul kamar yadda yake kai 'yan kasuwarmu da dama, ta ware yini guda ta faranta wa 'ya'yanta rai da kuɗin guminta. Ba ta yi laifin komai ba. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, me ya sa sai yaron Kano ya hau jirgi kafin ya taka tarihi da ƙafarsa?

Ni ma na je wurin, ba labari aka ba ni ba. Yana Riva, can wajen gari ta ɓangaren Asiya. Tashar TRT ta nuna shirin daga 2014 zuwa 2019, aka ɗora da na ɗansa Usman, kuma mutanen nan ba su bar tantunan da ganuwar da suka gina sun lalace ba. Sai suka buɗe wa jama'a. Ka sayi tikiti ka shiga zangon ƙabilar Kayi, ka leƙa tantin shugaba, a sa maka sulke da hular gashi, ka harba kibiya, sannan ka zauna ka kalli mahaya suna artabu a kan dawakai a gabanka, ƙura na tashi har bakinka. Na ga wani ɗan yaro da bai fi shekara bakwai ba, hular ta rufe masa ido, ya riƙe takobi da hannu biyu, yana tambayar babansa ko da gaske mutanen nan sun taɓa rayuwa. Uban ya durƙusa yana ba shi labarin yadda aka kafa daular Usmaniyya. Wallahi sai da zuciyata ta sosu, don na san da yawa cikin yaranmu sun fi sanin sunan dakarun Ertugrul a kan sunan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa.

To mu ina namu? Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, gidan da ya gina har gobe Sarki na ciki, Kasuwar Kurmi tana ci, marinar Ƙofar Mata tana nan, Dala na tsaye. A 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Muna da dawakai, muna da 'yan lifidi da 'yan sulke, muna da maƙera da dukawa da masu algaita da kakaki. Abin da Turkawa suka gina da katako, mu na gaskiyarsa muke da shi. Amma ka kai yaro Gidan Makama, zai ga kaya a ajiye, a ce masa kar ya taɓa, ya fito yana hamma. Badala kuwa kullum cinye ta ake yi da gine-gine muna kallo. Ina wurin da yaro zai sa lifidi, ya ji nauyinsa, ya ga yadda ake rufe ƙofar gari da almuru? Babu.

Kuma kar wanda ya ce min ai babu kuɗi. A 2016 gwamnatin tarayya ta zo da maganar dandalin fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka janye. Na yarda masu tsoron lalacewar tarbiyya suna da hujjarsu, ni ma uba ne. Amma maganin tsoro shi ne a zauna a sa ƙa'ida, a ware lokacin iyali, a sa ido. Mu sai muka rufe ƙofa gaba ɗaya, yanzu kuma muna zagin wadda ta je ta shiga ta wasu. Masu cewa ai fim ƙarya ne, wa ya ce muku ita ba ta sani ba? Yaron da ya riƙe takobin nan tambaya ya yi, kuma daga tambaya ake fara karatu.

'Yan Kannywood, ku ma da ku nake. Kun iya dogon zango a kan soyayya da rikicin gado, jama'a na bin ku mako-mako a YouTube. Ku yi mana ɗaya a kan tarihin garin nan, ku gina wurin da kyau, in an gama ku bar shi a tsaye makarantu su riƙa kai ɗalibai.

Sannan ku masu fassara fina-finan Turkiyya da Indiya zuwa Hausa, don girman Allah ku daina cusa ashar da baƙar magana a bakin jarumai. Da yara muke kallo a falo, kuma washegari a bakinsu muke jin abin da kuka faɗa.