Su Elon Musk ba ƙuri'a suke saya ba, ɗan majalisar suke kamawa

Duk wanda ya kalli bikin rantsar da Trump ranar 20 ga Janairun 2025 ya ga abin da na gani. Elon Musk, Mark Zuckerberg na Facebook, Jeff Bezos na Amazon da Sundar Pichai na Google, ga su nan a jere, kujerunsu gaba da na mutanen da za a naɗa ministoci. Kuma fa babu ɗayansu da aka taɓa jefa wa ƙuri'a ko ɗaya.

Musk aka fi yi wa surutu, kuma da gaskiyar mutane, don shi kaɗai ya zuba sama da dala miliyan 250 a zaɓen 2024, ya je Pennsylvania yana miƙa ƙaton cek na dala miliyan ɗaya ga wanda ya sa hannu a takardar kokensa, ana tafi ana ɗaukar hoto, abin da in mu muka yi shi nan da taliya da atamfa sai a ce sayen ƙuri'a ne. Amma ni dai ban yarda kuɗi kaɗai ke cin zaɓe ba. Kamala Harris ta tara sama da dala biliyan ɗaya, ta sha ƙasa. Shi kansa Musk ɗin ya kashe fiye da miliyan 20 a zaɓen alƙalin kotun ƙolin jihar Wisconsin a Afrilun 2025, ɗan takararsa ya sha kaye ba ko kusa.

Labarin Ohio ne ya fi tsaya min a rai. A 2024 Sanata Sherrod Brown na jam'iyyar Democrat shi ne shugaban kwamitin harkar bankuna a majalisar dattawa, kuma mutum ne da bai ɓoye shakkarsa kan kuɗin kirifto ba. Sai kamfanonin kirifto irin su Coinbase da Ripple suka haɗa asusu mai suna Fairshake, aka narka wajen dala miliyan 40 don a ɗaga abokin hamayyarsa Bernie Moreno, tallan kuma yawanci ko kalmar kirifto ba ka ji a ciki, wasu batutuwa daban ake kawowa. Brown ya faɗi. To ko da ma zai faɗi ba tare da kuɗin ba, don Ohio ta daɗe da karkata ga Republican, kai in kai ne sanatan da ke zaune kusa da kujerarsa me za ka yi? Gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ba sai an ce ka shafa wa naka ruwa ba.

Duk wannan halal ne a dokarsu. Tun hukuncin Citizens United da kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2010, alƙalai 5 da 4, kamfani na iya kashe ko nawa ne muddin wai bai haɗa baki da ɗan takara ba. Wai fa. Talaka kuwa da attajiri in za su ba ɗan takara hannu da hannu, iyakarsu ɗaya, dala 3,300 a zaɓen 2024, sai dai attajirin na da babbar ƙofa ta baya.

A Yulin 2025 Trump ya sa hannu kan dokar GENIUS, mai tsara harkar wani nau'in kuɗin kirifto, da 'yan kirifto suka daɗe suna nema, kuma 'yan Democrat da yawa sun ɗaga mata hannu. A lokacin Fairshake na da sama da dala miliyan 100 a ajiye tana jiran zaɓen 2026.