Saiti Kafin Ƙarfi: Yadda Ya Kamata A Auna Matasan Majefa A Besbol

Duk shekara, kafin a buɗe kakar besbol a Amurka, mujallu da shafukan wasanni kan fitar da jerin matasa ɗari da suke ganin su ne taurarin gobe. A kan masu bugu da sanda, jerin kan yi daidai sau da yawa. A kan masu jifa kuwa, musamman waɗanda ake reno don su riƙa buɗe wasa, ra'ayina shi ne ana ba gudun ƙwallo da alƙaluman maki nauyin da ya wuce kima, a bar abin da ya fi nuna gaskiyar yaro, wato iya sa ƙwallo inda yake so.

Tun 2021 kowace ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi 30 na MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, tana da ƙananan ƙungiyoyin reno huɗu, daga Single-A da High-A zuwa Double-A da Triple-A, ban da sansanonin sabbin shiga a Florida ko Arizona da Jamhuriyar Dominika. Daga nan take fatan samun mutum biyar masu buɗe wasa, kowanne ya fito kusan duk kwana biyar, ya riƙe zagaye shida daga cikin tara kafin ya miƙa wa 'yan canji. Samun ɗaya tak irin wannan daga gida babbar riba ce, domin a kasuwa kuɗinsa na kai dala miliyan 30 a shekara ko fiye.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Magoya bayan New York Mets sun san ba kullum ba ne. A 1995 suna da matasa uku da kowa ya yi ittifaƙi a kansu: Bill Pulsipher, Jason Isringhausen da Paul Wilson, wanda shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na 1994. Kafin a je ko'ina rauni ya kama su duka ukun. Pulsipher, da aka sa ya jefa fiye da zagaye 200 a 1995 yana ɗan shekara 21, ya ƙare wasansa da nasara 13 kacal. Isringhausen ne ya yi suna, shi ma sai da ya bar buɗe wasa ya koma mai rufewa a wasu ƙungiyoyin.

Ita dai wannan ƙungiya ta ɗauki Jacob deGrom a zagaye na tara na zaɓen 2010, yaron da ya shafe yawancin zamansa a jami'ar Stetson yana tsaron fili, ba jifa ba. A shekarar aka yi masa tiyatar gwiwar hannu. Bai taɓa shiga jerin ɗarin nan ba. A 2013 ma'auninsa na ERA, wato matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin zagaye tara, ya haura 4.50, lambar da ba ta burge kowa. Shekara guda bayan haka ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa a National League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na MLB, sannan ya lashe kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa na shekara, a 2018 da 2019.

Me ya rufe wa mutane ido? Wani ɓangare na amsar shi ne filin da ya yi wasa. A lokacin ƙungiyar Triple-A ta Mets tana Las Vegas, cikin gasar Pacific Coast League, inda garuruwa irin su Reno, Salt Lake da Albuquerque ke kan tudu, iskarsu busasshiya ce marar kauri. Albuquerque ta kai kimanin mita 1,600 sama da teku. A irin wannan iska ƙwallo ba ta lanƙwasawa sosai idan an jefa, idan kuma an buga sai ta yi nisa. Ƙari a kan haka, masu tsaron fili a ƙananan matakai suna koyo ne, ƙwallon da ƙwararre zai cafke sai ta wuce su, a rubuta wa mai jifa. Ko ƙwallon kanta tana sauya lissafi: da aka fara amfani da ƙwallon manyan gasa a Triple-A a 2019, bugun da ke tsallake katanga ya ƙaru da fiye da rabi cikin shekara ɗaya. Majefan ba su lalace dare ɗaya ba.

Tun 2001 Voros McCracken, mai nazarin alƙaluman besbol, ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa da zarar sanda ta taɓa ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai biyo baya kaɗan ne. Abin da ke hannunsa shi ne mutum nawa ya kora ba su taɓa ƙwallo ba, nawa ya bari suka wuce kyauta saboda ya kauce saiti sau huɗu, nawa kuma suka fitar masa da ita waje. Fiye da shekara ashirin ke nan, amma har yau hirar magoya baya da ERA take farawa.

Cleveland ce ƙungiyar da ta fi nuna ta fahimci wannan. A 2016 ta ɗauki Shane Bieber a zagaye na huɗu, yana jifan da bai wuce mil 90 da 'yan kai a awa ba, gudun da ba ya tsayar da masu farautar 'yan wasa. A 2017, cikin zagaye 173 a matakai uku, mutum 10 kawai ya bari suka wuce kyauta, ya kori 162. Wannan ita ce lambar da ta kamata ta tayar da kowa tsaye. Masu horarwa suka ƙara masa ƙarfi har jifansa ya kai mil 94, suka gyara masa lanƙwasa, a 2020 ya lashe Cy Young. Ƙarfin hannu ana iya ƙara shi da atisaye da gyaran motsin jiki. Saiti kuwa da wuya a koya wa wanda ya kai shekara 23 bai da shi.

Ba ina cewa gudu ba kome ba ne. Paul Skenes, da Pittsburgh ta ɗauka na farko a 2023, yana jifan mil 100 a awa, kuma cikin shekara guda ya shiga manyan gasa ya gagari kowa. Sai dai Skenes yana da saitin shi ma. Haka nan akwai ɗimbin yara masu saiti da hannunsu ya yi sanyi ƙwarai, suna yaudarar 'yan shekara 19 a Single-A, da sun isa Double-A sai asirinsu ya tonu. Shi ya sa nake ganin ba a yanke hukunci kan mai jifa sai ya yi aƙalla rabin kaka a Double-A, kuma a duba shekarunsa: ɗan 21 da ke ta faɗi-tashi a can ya fi ɗan 25 da ke cin karensa babu babbaka a ƙasa.

Neman gudu yana da farashi. Rahoton da MLB ta fitar a Disamban 2024, bayan tattaunawa da masana fiye da 200, ya ɗora babban alhakin yawaitar rauni a kan tseren ƙara gudu da murɗa ƙwallo. Tiyatar gwiwar hannu da likita Frank Jobe ya fara yi wa mai jifa Tommy John a 1974 tana ceto hannu, amma tana cin shekara guda zuwa ɗaya da rabi. Duk lokacin da aka ɗaga yaro a jeri don na'urar auna gudu ta nuna mil 99 a awa, ana gaya wa na bayansa abin da za su bi ne, kuma jijiyarsu ce za ta biya. Wannan yana damuna fiye da kuskuren hasashe.

Akwai kuma tambayar da alƙaluma ba sa amsawa yanzu, saboda ƙungiyoyin sun daina yin ta. Masu bugu tara ne, kuma mai buɗe wasa na gaskiya sai ya fuskanci kowannensu sau uku. A karo na uku sun riga sun ga salonsa, don haka yana buƙatar nau'in jifa na uku, galibi mai rage gudu da ke ruɗar wanda ke bugu da ɗaya hannun. Mai nau'i biyu kawai makomarsa 'yan canji ne, kuma ba abin kunya ba ne, Mariano Rivera, shahararren mai rufe wasa, ma ta nan ya bi bayan ya buɗe wasa goma a 1995. Amma a ƙananan matakai yau, don tsoron rauni, akan cire yaro bayan zagaye huɗu ko biyar, kafin ya kai wannan gwaji. Na fahimci tsoron, labarin Pulsipher ya isa dalili. Duk da haka, wanda ya nuna saiti da lafiya a Double-A ya kamata a bar shi ya shiga zagaye na shida a kai a kai, ƙarƙashin ƙidayar jifa mai hankali. In ba haka ba, ranar da za a fara sanin ko zai iya ita ce ranar da ya tsaya gaban manyan masu bugu na duniya, ana kirga masa kowane maki.