AS ba ciwo ba ne: a daina dukan 'yan mata da takardar gwajin jini

Makon jiya na je gida, ƙauyenmu da ke yankin Ɗambatta, na tarar da akwatunan lefe uku jere a zauren Goggona, an ɗaure su da igiya ana jiran mai mota ya zo ya mayar da su inda suka fito. Saura kwana goma sha ɗaya a ɗaura auren 'yarta aka fasa. Ba a kama yarinya da abin kunya ba, iyaye ba su yi sa-in-sa kan sadaki ba. Gwajin jini aka je, takardar saurayi ta nuna AA, tata ta nuna AS. Washegari baffan yaro ya aiko da saƙo cewa su ba za su shigo da jinin sikila gidansu ba.

Goggo ta zaunar da ni a kan tabarma, ta miƙo mini takardar a ninke huɗu, ta ce: "Ɗan nan, kai ne ka yi boko. Wane ciwo ne wannan da yarinyar nan ke ɗauke da shi shekara goma sha tara ban sani ba? Ita ke mana surfe, ita ke ɗebo ruwa, ko zazzaɓi ba ta cika yi ba." Na ce, "Goggo, ba ta da ciwon komai." Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "To me ya sa suka gudu?"

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kowa ya san cewa a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da gwajin nau'in jini saboda sikila. Ina goyon bayan dokar. Duk wanda ya taɓa kwana yana riƙe da yaron da amosanin jini, wato sikila, ya tasar wa, yaro na ihu yana cewa ana sara masa ƙashi, ba zai yi jayayya da ita ba. Masu cewa gwajin shisshigi ne ga ƙaddara ba ni da lokacinsu, domin su ma ba sa shuka irin da ba su duba ba. Da waɗanda suka karɓi gwajin nake, suka fahimce shi a baibai, har suka mayar da harafin S wani tabo da ake gudun mace dominsa.

Auren da aka fasa a gidan Goggo yana cikin auren da gwajin ya ce a yi. AA da AS ba sa haifar mai sikila. Ba wai yana da wuya ba ne, hanyar ce babu. Kuma wannan ba ra'ayina ba ne, haka lissafin gado yake.

A cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam akwai wasu zaruruwa 46 da masana ke kira kiromosom, suna zaune biyu-biyu. Guda 23 daga uwa suka zo, 23 daga uba, babu ɓangaren da ya fi wani ko da ɗaya. A jikin zare na 11 ne aka rubuta umarnin ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke sa jini ya yi ja, wanda kuma shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Tun da zaren biyu ne, kowane mutum yana da kwafi biyu na wannan umarni, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Haruffa biyun da ke kan takardar asibiti ke nan: A shi ne kwafi lafiyayye, S kuma kwafin sikila. Bambancin A da S kuwa ƙanƙane ne ƙwarai. Wanda ya yi karatun allo ya san ɗigo ɗaya ne ya raba dal da zal. To haka nan, harafi ɗaya ne ya sauya a rubutun DNA, wato rubutun gado da ke jikin zaren, sai tubali na shida cikin tubala 146 na wannan sashe ya zama wani daban. Wani masani mai suna Vernon Ingram ne ya gano wannan bambanci a Kambirij ta Ingila cikin shekarun 1956 da 1957. Idan kwafin mutum duka biyu S ne, wato SS, da zarar iska ta yi ƙaranci a jini sai himogulobin ɗin ya dunƙule ya sandare, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ke nan. Kuma ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 tana aiki sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum mai sikila ke cikin ƙarancin jini, idonsa na yin ɗorawa. Mai AS kuwa yana da kwafin A lafiyayye guda, kuma shi ya wadatar. Zai yi noma, ta yi daka, ta haihu, su tsufa. In ban da wahala mai tsanani haɗe da ƙishirwa mai yawa, wadda likitoci ke cewa a kiyaye, babu abin da ya raba rayuwarsa da ta kowa.

Da goro na yi wa Goggo bayani. Na sa fari biyu a ƙwarya ɗaya, na ce wannan shi ne yaron. Na sa fari ɗaya da ja ɗaya a wata ƙwaryar, na ce wannan ita ce 'yarki. Na ce ta rufe ido ta ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ta ga ko za ta taɓa haɗa ja biyu. Ta gwada sau uku, ta ajiye. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane cikin minti biyu abin da baffan yaro, mai yawo da babbar waya, ya kasa tsayawa ya tambaya.

Ba jahilcin ne ya fi ƙona mini rai ba, inda yake sauka kullum shi ne damuwata. Ku duba ƙauyukanmu da kyau. Magidanci AS ne bai sani ba. Uwargidansa AA ce, ta haifa masa 'ya'ya shida garau. Ya ƙaro amarya AS, haihuwarta ta biyu yaro ya fara kumburin hannu da ƙafa tun bai shekara ba. Me dangi ke cewa? "Ai ga 'ya'yan uwargida nan lafiya lau, amarya ce ta kawo mana ciwo." Daga nan sai gori, sai habaici a tsakar gida, wani lokaci sai saki, ta koma gidan ubanta da yaro marar lafiya a goye, kuɗin ƙarin jini ya dawo wuyan tsoho. Alhali babu yaron da ya taɓa zama SS a duniya sai da uba ya ba da S ɗinsa kamar yadda uwa ta ba da nata. An bar jaki ana dukan taiki. Irin wannan zaluncin ne muka daɗe muna yi wa matar da ke haifar 'ya'ya mata, ana ce mata ta cika gida da mata, bayan kuwa a zaren da ke raba mace da namiji uwa X kawai take bayarwa, uba ne ke ba da X ko Y, wanda a kansa jinsin jariri yake tsayawa da ikon Allah. Na zaci gwajin jini zai kashe wannan ɗabi'a, tun da ga takarda ta nuna na namiji ƙarara. Sai ga shi an ɗauki takardar an ƙara wa bulalar kauri. Saurayi AS yakan sami mata cikin sauƙi, a ce ai namiji ne. Budurwa AS kuwa labarinta ya riga ta zuwa bakin rijiya.

Wai ma gidan wa ake tsarewa daga "jinin sikila"? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ɗauke da S guda, kuma ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila a ƙasar nan duk shekara. Mutum ɗaya cikin huɗu ke nan. A sahun sallar Magariba na mutum ashirin, biyar AS ne. Baffan da ya aiko da wancan saƙo, in da za a gwada 'ya'yansa da jikokinsa da surukansa, da wuya a rasa S a cikin gidan da yake taƙama da shi.

Kuma ba banza S ya yi yawa a cikinmu ba. Ba sai mun je Turai neman hujja ba, tana nan Garki, wadda yau take Jihar Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, aka ɗebi jinin dubban mutane ana bibiyarsu. Abin da aka gani yana da ban tausayi da ban mamaki. Cikin jarirai sabbin haihuwa, kusan biyu cikin ɗari SS ne, amma cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya, domin yawancinsu ba sa wuce ƙuruciya. Su ne yaran da kakanninmu ke cewa 'yan wabi, ko a ce iska ce ko maita. Masu AS kuwa, kasonsu cikin manya ya fi kasonsu cikin jarirai. Ma'ana, sun fi sauran tsallake shekarun da zazzaɓin damina ke kwashe yara. Tun 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa AS na ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wato abin da aka kori 'yar Goggo dominsa shi ne garkuwar da ta raya kakannin kakanninmu a bakin fadama. Da aka ce ba ta cika zazzaɓi ba, ban yi mamaki ba.

Kada a ce na sassauta. Inda haɗarin yake a fili yake: AS da AS, ko AS da SS, haka ma idan S ya haɗu da wani nau'in da ake kira C. Nan ma akwai wata gurguwar fahimta da ke yawo a majalisu, wai AS da AS "ɗaya cikin huɗu ne", saboda haka in aka tsaya a haihuwa uku an tsira, ko kuma in na fari ya fito da ciwon sauran ukun sun kuɓuta. Ƙarya ce mai kashe yara. Goron da aka ɗauka komawa yake cikin ƙwarya. Kowane ciki sabon ɗauka ne, kowane ciki kashi 25 cikin ɗari ne. Akwai gidan da za a haifi biyar babu ko ɗaya, akwai gidan da uku a jere za su fito da shi. Mutanen da ke gudun AS inda babu haɗari, sau da yawa su ne ke rufe ido inda haɗarin yake, musamman in auren zumunci ne kuma an riga an ci kuɗin gaisuwa. A nan ne za ka ji ana neman wanda zai "gyara" takarda. Masu cewa a hana auren zumunci gaba ɗaya su ma sun kauce, domin bare biyu masu AS haɗarinsu ɗaya da na ɗan wa da 'yar ƙani masu AS.

Laifin bai tsaya kan dangin ango ba. An kafa doka, an bar bayani a baya. Ana miƙa wa mutum takarda ta taga, haruffa biyu na boko, babu mai zaunar da shi minti biyar ya ce ga abin da suke nufi. Da yawa ba sa ma bambance wannan gwaji da na rukunin jini, wato su O da A da B, sai ka ji mutum na cewa shi jininsa O ne don haka ba ruwansa da sikila. Sannan lokacin da ake gwajin shi ne mafi muni: bayan an sa rana, an kai lefe, an yi anko, gari duka ya sani. Ihu bayan hari ke nan. Nau'in jinin mutum ba ya sauyawa daga ranar haihuwa har ranar mutuwa, to me ya hana a gwada yara tun a wurin rigakafi ko a firamare da Islamiyya, kowa ya tashi da sanin nasa kamar yadda ya san sunan kakansa? Limaman da ke karɓar takarda ranar ɗaurin aure, a koya musu karanta ta, su riƙa faɗa a huɗuba cewa AS da AA halal ne kuma lafiya ne. Gidajen rediyon da ke cika mana kunne da tallar maganin gargajiya mai "mayar da SS ya koma AA" su ba da ko minti goma a mako ga wanda ya san abin. Babu jiƙo ko saiwar da ke sauya rubutun da ke cikin ƙwayar halitta. Maganin da ke taɓa wannan rubutu, wanda aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Mu abin da ke hannunmu shi ne gwaji da fahimta, kuma mun riƙe ɗaya mun saki ɗaya.

Kafin na baro gida na je har wurin baffan yaron, na gaishe shi, na ce, "Baffa, a yi haƙuri a sake duba maganar nan, ko a je tare a tambayi likita." Ya ce ya ji, amma magana ta riga ta fita, kuma mahaifiyar yaro ta ce hankalinta bai kwanta ba. Da na dawo an riga an kwashe akwatunan. Yarinyar na tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Goggo ta karɓi takardar daga hannuna, ta sake ninke ta huɗu, ta tambaye ni ko in wani ya sake fitowa dole ne sai an nuna masa.